Getopt: yadda manhaja ke tantance umarnin da aka rubuta mata

Kafin zuwan linzami da hotunan da ake dannawa, da rubutu kawai ake yi wa kwamfuta magana. Mutum ya buga layi guda, ya danna maɓallin shigarwa, na'ura ta aiwatar. Wannan hanya da ake kira layin umarni tana nan daram. Da ita ake kula da akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da rumbunan bayanai, kuma ita ce baƙar fuskar nan mai fararen haruffa da akan gani a gaban ma'aikatan sashen kwamfuta na bankuna da ma'aikatu. Hatta wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan Linux aka gina ta, tana da layin umarni a ƙarƙashinta ko da bai taɓa ganinsa ba.

Duk layin da aka buga yana jefa wa manhaja tambaya: a cikin waɗannan kalmomi, wacce ce ke faɗin yadda za a yi aikin, wacce ce kuma sunan abin da za a yi wa aikin? Idan aka aiki yaro ya sayo shinkafa mudu biyu, ta gida, ya san shinkafa ce abin saye, mudu biyu adadi ne, ta gida kuma sharaɗi ne. Manhaja ba ta da wannan hankali, sai ƙa'ida. A harshen C, wanda da shi aka rubuta Unix da Linux, wani ɗan guntun manhaja mai suna getopt ne ke riƙe da wannan ƙa'ida, kuma kuskure a wannan gaɓa ya sha jawo asarar fayiloli da buɗe wa masu kutse ƙofa.

Abin da ke isa ga manhaja

A ɗauki wannan umarni na jera sunaye:

sort -r -o sakamako.txt sunaye.txt

Kalmar farko, sort, ita ce sunan manhaja. Na biyu, -r, zaɓi ne, ma'anarsa a jera daga ƙarshe zuwa farko. Shi ma -o zaɓi ne, amma ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, wato sunan fayil ɗin da za a zuba sakamako. Kalmar ƙarshe kuwa ita ce abin sarrafawa, fayil ɗin da ake son jerawa.

Manhajar sort ba ta ganin wannan layi yadda aka buga shi. Akwai mai shiga tsakani, wata manhaja da ake kira shel, wadda mafi shahararta a Linux ita ce Bash. Shel ce ke yanka layin a duk inda ta ga sarari, ta cire alamomin zance, ta maye gurbin tauraro da sunayen fayilolin da suka dace, sannan ta miƙa wa manhaja jerin kalmomi. A harshen C jerin yana isowa da sunaye biyu: argc, wato adadin kalmomin, da argv, wato kalmomin kansu. Ƙidaya daga sifili take farawa, don haka a misalinmu argc biyar ne, argv[0] shi ne sort, argv[4] kuma sunaye.txt.

Wannan rabon aiki na da tasiri ga mai rubutun Hausa kai tsaye. Fayil mai suna Rahoton kuɗi.pdf zai isa ga manhaja a matsayin kalmomi biyu, matuƙar ba a rufe sunan da alamar zance ba. Mafi ban takaici shi ne alhamza. Shel tana ɗaukar ta a matsayin buɗe zance, saboda haka wanda ya buga ma'aikata.csv kai tsaye zai ga shel ta yi shiru tana jiran a rufe zancen da ba a yi niyyar buɗewa ba. Maganin shi ne a rubuta "ma'aikata.csv" cikin alamar zance mai ƙwaya biyu. Duk wannan yana faruwa ne tun kafin getopt ya ga komai.

Asali

An fara Unix a 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu. Na'urar buga rubutun da ake amfani da ita a lokacin, Teletype samfurin 33, harafi goma take fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Wanda ke aiki da irin wannan ba ya son doguwar kalma, shi ya sa zaɓuɓɓukan Unix suka zama harafi ɗaya da karan ɗori a gabansa.

A shekarun farko kowane marubucin manhaja yana rubuta nasa tsarin tantancewa, kowa da kiɗinsa. Ragowar wannan zamani na nan har gobe. Manhajar dd ba ta amfani da karan ɗori sam, if= da of= ake rubuta mata, salon da ya yi kama da na manyan kwamfutocin IBM. Manhajar tar tana karɓar haruffanta ko babu karan ɗori. Manhajar find tana da dogayen sunaye irin su -name da karan ɗori guda. Ita kuwa ps ta Linux baki biyu gare ta: tana jin ps aux na gidan BSD, tana kuma jin ps -ef na gidan AT&T.

Getopt ya bayyana a cikin Unix na kamfanin AT&T a wajejen 1980 domin kawo ƙarshen wannan ruɗani. A 1985, a taron UniForum da aka yi a Dallas ta jihar Texas, kamfanin ya saki rubutunsa ga jama'a kowa ya ɗauka. Daga baya ƙa'idar POSIX.2 ta 1992 ta shigar da shi cikin abubuwan da ake buƙata daga duk tsarin da ke son a kira shi mai bin tafarkin Unix. POSIX ta kuma gindaya sharuɗɗan rubuta umarni, waɗanda muhimmansu su ne: zaɓi ya zama harafi ko lamba guda, karan ɗori ya gabace shi, a iya haɗa zaɓuɓɓukan da ba su da ɗan rakiya a bayan karan ɗori ɗaya, kuma duk zaɓuɓɓuka su riga abubuwan sarrafawa zuwa. Da wannan ne ls -l -a da ls -la suka zama abu ɗaya.

Yadda yake aiki

Marubucin manhaja yana ba getopt abu uku: argc, argv, da wani ɗan gajeren rubutu mai bayyana zaɓuɓɓukan da manhajar ta sani. Don misalinmu rubutun zai kasance "ro:". Harafin r shi kaɗai ne, ba ya buƙatar kowa. Ruwa biyun da ke bayan o kuwa na nufin dole sai da ɗan rakiya.

Ana kiran getopt ne sau da yawa a jere, kowane kira ya dawo da zaɓi guda. Yana tuna inda ya tsaya ta wata ma'ajiya mai suna optind, wadda ke farawa daga 1 domin a tsallake sunan manhaja. A kiran farko zai dawo da r, optind ta koma 2. A na biyu zai dawo da o, ya ajiye sakamako.txt a wata ma'ajiya mai suna optarg, optind ta yi tsalle zuwa 4. A na uku zai tarar da kalmar da ba ta fara da karan ɗori ba, sai ya dawo da -1, alamar zaɓuɓɓuka sun ƙare. A nan optind tana nuna abin sarrafawa na farko, manhaja ta ci gaba daga can da kanta.

Idan aka buga harafin da ba ya cikin jerin, ko aka manta ɗan rakiya, getopt yana fitar da saƙon kuskure, ya dawo da alamar tambaya, ya ajiye harafin da ya jawo matsalar a optopt. Marubucin da ke son ya tsara nasa saƙon yana iya mayar da opterr sifili don ya rufe bakin getopt. Hanya mafi kyau ita ce a fara rubutun bayanin da ruwa biyu, kamar ":ro:". Wannan ma yana rufe bakinsa, sannan yana raba laifukan biyu: alamar tambaya ga baƙon harafi, ruwa biyu ga zaɓin da aka bari babu rakiya.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Getopt ba ya duba kamannin ɗan rakiya. Duk kalmar da ta biyo bayan zaɓi mai ruwa biyu haɗiye ta yake yi. Wanda ya yi gaggawa ya buga sort -o -r sunaye.txt ba zai ga saƙon kuskure ba. Za a ɗauki -r a matsayin sunan fayil, a ƙirƙiri fayil mai wannan suna, a zuba masa sunayen a jere daga farko zuwa ƙarshe, akasin abin da aka nema. Idan ya zo goge shi da rm -r, sai manhajar gogewa ta ɗauki sunan a matsayin nata zaɓin, ta ce ba a ba ta abin gogewa ba.

Mafitar ita ce karan ɗori biyu su kaɗai. Da zarar getopt ya ga --, ya daina neman zaɓi, duk abin da ya biyo baya abin sarrafawa ne ko da da me ya fara. Saboda haka rm -- -r zai goge fayil ɗin, haka ma rm ./-r, wanda ke sa sunan ya fara da aya maimakon karan ɗori. Karan ɗori guda shi kaɗai kuwa ba zaɓi ba ne. Bisa al'ada yana nufin manhaja ta karanta daga abin da ake turo mata kai tsaye, ba daga fayil ba.

Wani abin lura kuma: rubutu kawai getopt ke miƙawa, bai san lissafi ba. Idan manhajar lissafin kaya ta karɓi 1,500 a matsayin adadi, ta kuma yi amfani da tsohon mai juya rubutu zuwa lamba da ake kira atoi, abin da za ta samu shi ne 1, domin atoi na tsayawa a waƙafi ba tare da ya ce uffan ba. Idan aka buga masa kalmar dubu, sifili zai bayar. Ƙwararru kan yi amfani da strtol, wanda ke nuna inda ya tsaya, ta yadda manhaja za ta iya ƙin karɓar lambar da ba ta cika ba. Lamba mai ragi irin -5 ma na da tata rigimar, tunda kamanninta da na zaɓi ɗaya ne, sai an sa -- a gabanta ko ta zo a matsayin ɗan rakiya.

Ƙarin da GNU ta yi

Shirin GNU, wanda Richard Stallman ya sanar a 1983 da nufin samar da madadin Unix na kyauta, ya rubuta nasa getopt, kuma shi ne ke cikin glibc, rumbun C na akasarin rassan Linux. Ya zo da sauye-sauye uku masu nauyi.

Na farko shi ne dogayen sunaye. Harafi guda na da saurin bugawa amma yana da wuyar tunawa, kuma haruffan kan ƙare wa manhaja mai zaɓuɓɓuka da yawa. Sai aka samar da getopt_long, wanda ke gane --reverse da --output=sakamako.txt. Da farko alamar tarawa GNU ke sa wa dogayen sunayenta, daga baya ta koma karan ɗori biyu don kada ta yi karo da POSIX. Marubuci yana ba getopt_long jadawali, kowane layi da gurbi huɗu: name, sunan zaɓin, has_arg, mai faɗin ko yana da ɗan rakiya, ko babu, ko ganin dama ne, sai flag da val, masu faɗin abin da za a dawo da shi ko a ajiye idan an ga zaɓin. Dole layin ƙarshe ya zama sifili zalla, domin da shi ake gane ƙarshen jadawali. Wanda ya manta da shi, manhajarsa za ta zarce tana karanta abin da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙa'idojin GNU sun kuma bukaci kowace manhaja ta amsa --help da --version, abin da ya zama ruwan dare har a wajen GNU. Ga wanda ya tarar da baƙuwar manhaja a kwamfutar ofis, --help ne abu na farko da ya dace ya buga.

Getopt_long yana yarda a gajarta suna matuƙar babu wani da ya yi tarayya da shi a farkon haruffa. Don haka ls --col yana aiki a madadin ls --color. Wannan sauƙi ne ga mai bugawa da hannu, amma ganganci ne a cikin rubutaccen jerin umarnin da zai yi shekaru yana aiki shi kaɗai da dare. Ranar da sabon zubin manhajar ya ƙaro zaɓi mai irin wannan farko, gajartawar ta zama mai harshen damo, aikin ya tsaya.

Na biyu shi ne ɗan rakiya na ganin dama, wanda ake nunawa da ruwa biyu sau biyu. POSIX ta shawarci a guje shi, kuma tana da hujja. Idan rakiya ba dole ba ce, yaya za a san kalmar da ta biyo baya rakiya ce ko abin sarrafawa? Hukuncin da aka yanke shi ne sai an manne ta. A rubuta --color=never, kada a rubuta --color never, in ba haka ba ls za ta tafi neman fayil mai suna never. Masu kula da rumbun bayanai na MySQL sun san irin wannan a zaɓin -p: idan aka bar sarari tsakaninsa da kalmar sirri, manhajar za ta ɗauki kalmar a matsayin sunan rumbu, ta sake tambayar kalmar sirri. Haka kuma sed -i na Linux yana aiki babu rakiya, alhali na kwamfutocin Mac, wanda ya fito daga gidan BSD, yana haɗiye kalmar da ta biyo baya a matsayin rakiyarsa. Umarni ɗaya, sakamako biyu.

Na uku ya fi kowanne jawo muhawara. Getopt na POSIX yana tsayawa da zarar ya ga kalmar farko da ba zaɓi ba. Na GNU ba ya tsayawa. Yana tsallake ta, ya ci gaba da tsintar zaɓuɓɓuka har ƙarshen layi, yana sake jera argv ta yadda abubuwan sarrafawa za su koma baya. Shi ya sa ls takardu -l ke aiki a Linux, amma a Mac sai a ce babu fayil mai suna -l. Mai son tsohon hali yana iya kafa POSIXLY_CORRECT a muhallin aikinsa, marubucin manhaja kuma yana iya fara rubutun bayaninsa da alamar tarawa. Wannan alama wajibi ce ga manhajar da aikinta shi ne ta tayar da wata manhaja, domin in babu ita za ta wawure zaɓuɓɓukan da aka yi nufin ta miƙa gaba.

Shekarun getopt sun nuna a wasu wurare. Da yake optind da 'yan uwanta ma'ajiyoyi ne na gama-gari, ba a iya tantance layi biyu a lokaci guda cikin manhaja ɗaya, kuma sake farawa ya bambanta: a glibc ana mayar da optind sifili, a BSD akwai optreset. Gajeren zaɓi kuma bayit guda glibc ke dubawa, alhali haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, bayit biyu-biyu suke ci a tsarin UTF-8. Wanda ke rubuta manhaja da Hausa zai iya sa su a sunan fayil ko a ɗan rakiya lafiya lau, amma -ƙ ba zai yi masa aiki yadda yake zato ba.

Inda abin ke zama haɗari

An faɗa a baya cewa shel ce ke maye gurbin tauraro da sunayen fayiloli. Manhaja ba ta da hanyar sanin wace kalma mutum ya buga da hannunsa, wace ce kuma ta fito daga tauraro. Idan akwai fayil mai suna -rf a cikin folda, aka buga rm *, manhajar gogewa za ta ɗauki sunan a matsayin izinin share dukkan foldojin da ke wurin da abin da ke cikinsu, ba tambaya. A layin umarni babu kwandon shara da za a koma a tsinto. Haka nan tar ta GNU tana da zaɓin --checkpoint-action, wanda ke iya tayar da wata manhaja. Idan mai kula da kwamfuta ya tsara a riƙa adana wata folda kowane dare da tar da tauraro, da ikon shugaba, to duk wanda zai iya ajiye fayil a wannan folda zai iya raɗa masa sunan zaɓi, ya sa a aiwatar masa da abin da ya ga dama. Rubuta ./* a madadin tauraro kaɗai ya isa ya toshe wannan.

Irin wannan cusa zaɓi ta bayan gida ya faru a manhajojin da duniya ke dogaro da su. A 2012 an gano cewa PHP, idan aka girka ta a tsarin CGI, tana miƙa abin da baƙo ya rubuta a ƙarshen adireshin shafi zuwa layin umarninta. Ƙara ?-s kawai ya isa a ga rubutun cikin shafin, wasu zaɓuɓɓukan kuma na ba da damar aiwatar da umarni daga nesa. An toshe ta, amma a watan Yunin 2024 mai bincike Orange Tsai na kamfanin DEVCORE ya nuna cewa a Windows mai harshen Sinanci ko Japananci ana iya turo wani harafi na daban, wanda shingen bai gane ba, Windows kuma ta juya shi ya koma karan ɗori bayan an wuce shingen.

A watan Agustan 2017 aka fitar da gyara ga Git, manhajar da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu da ita. Git tana kiran ssh ta miƙa mata sunan kwamfutar da za a tuntuɓa. Mai mugun nufi sai ya ƙirƙiri adireshin da sunan kwamfutarsa ya fara da -oProxyCommand=, ssh kuma ta karanta shi a matsayin zaɓin da ke cewa ta aiwatar da wani umarni. Subversion da Mercurial ma an same su da irin wannan rauni a lokaci guda. Gyaran da aka yi shi ne ƙin karɓar sunan da ya fara da karan ɗori. A Git akwai ƙarin sarƙaƙiya, domin tun da farko ta ba -- wani aiki dabam, na raba sunan zubi da sunan fayil, sai da aka ƙirƙiro --end-of-options a zubi na 2.24 a 2019.

A duk waɗannan, mai tantance zaɓi bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ya karanta. Laifin na manhajar da ta ɗauki rubutun baƙo ta jera shi a layin umarni ba tare da shinge ba ne.

Akwai kuma inda tantancewar kanta ta karye, kuma sau da yawa inda aka rubuta ta da hannu ne. A watan Janairun 2022 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana raunin da aka yi wa laƙabi da PwnKit a manhajar pkexec, wadda ke cikin manyan rassan Linux. Marubutanta sun ɗauka cewa argc ba zai taɓa gaza 1 ba, tunda sunan manhaja na nan kullum. Amma Linux a lokacin tana yarda a tayar da manhaja da jeri fanko. Sai pkexec ta nufi argv[1], wanda babu shi, ta faɗa cikin bayanan muhalli da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwa, ta karanta ta kuma rubuta a can. Da wannan duk mai ƙaramin asusu a kwamfutar zai iya zama shugabanta. Raunin yana nan tun 2009, sama da shekara goma sha biyu ba a lura ba. Shekara guda kafin haka, kamfanin dai ya gano makamancinsa a sudo, inda kalmar da ta ƙare da sanda mai jirgewa baya ke sa manhajar ta zarce iyakar abin da aka ware mata. A ra'ayin mai wannan rubutu, marubucin da ya ce manhajarsa ƙarama ce, ba ta buƙatar getopt, ya ɗora wa kansa nauyin tuna duk waɗannan lunguna da wasu suka shafe shekara arba'in suna cin karo da su.

Abu na ƙarshe a wannan babi ya shafi kowane ma'aikaci, ko da bai taɓa rubuta manhaja ba. Abin da aka buga a layin umarni ba sirri ba ne. A Linux, in ba a sauya tsari ba, duk mai asusu a kwamfutar yana iya ganin cikakken layin kowace manhaja mai aiki ta hanyar ps, shel kuma tana ajiye tarihin abin da aka buga a fayil. Shi ya sa MySQL ke gargaɗi idan aka manna kalmar sirri a jikin -p. A bar manhaja ta tambaya, a buga mata a ɓoye.

Magada da maƙwabta

A cikin glibc akwai getsubopt, mai warware jerin da aka raba da waƙafi irin wanda ake ba mount bayan -o, da kuma argp, wanda ke hawa kan getopt ya kuma tsara saƙon --help da kansa daga jadawalin zaɓuɓɓuka, ta yadda bayani ba zai saɓa wa aiki ba. Shel tana da nata getopts na ciki, mai gajerun zaɓuɓɓuka kawai. Harshen Python yana da argparse tun zubi na 2.7 da 3.2, masu Rust sun fi amfani da clap, Go kuma ta zo da flag, wanda bai bi al'adar GNU ba: karan ɗori ɗaya ko biyu duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ba ya haɗa haruffa.

Windows gidanta daban. Ta gaji sanda jirge daga DOS a matsayin alamar zaɓi, kamar dir /w, kuma wannan ne dalilin da ya sa, lokacin da DOS 2.0 ta zo da foldoji a 1983, aka koma ga sanda mai jirgewa baya don raba sunayensu. Bambanci mafi girma shi ne Windows ba ta miƙa wa manhaja jerin kalmomi. Layi ɗaya take bayarwa ɗungurungum, kowace manhaja ta yanka da kanta. Yawanci suna bin tsarin rumbun C na Microsoft, amma cmd.exe tana da nata dokokin alamar zance. A watan Afrilun 2024 wannan saɓani ya tilasta wa Rust da Node.js da PHP fitar da gyara, bayan an nuna cewa rubutun da suka ɗauka sun killace da kyau yana iya kuɓucewa ya zama umarni idan abin da aka tayar fayil ne mai ƙarewa da .bat ko .cmd.